Yaro Bai San Wuta Ba: Darasi Domin Iyayen Yaro Mai Ƙiriniya

Lokacin ɗari ne, da sassafe. Uwa ta dama kunu, ta sauke tukunya ta ajiye ƙasa a gefen murhu, ta shiga ɗaki domin ta ɗauko ƙwarya. Ba ta kai ga fitowa ba sai ta ji ƙara. Ɗanta, wanda bai cika shekara 2 ba, ya kama bakin tukunyar yana so ya leƙa. Tukunya ta tuntsure, kunu ya zube masa tun daga hannu har ƙirji.

Nan da nan gida ya cika da mutane. Kakar yaron ta ce, "Ɗiyata, ɗauko ƙwai a fasa masa." Maƙwabciya ta ce a'a, man goge baki ya fi. Wani ya ce a nemo tawada. Maigida ya shigo daga zaure, bai ko dubi yaron ba tukuna, sai ya fara da matar, yana cewa, "Ina kika tafi? Me kike yi?" Uwa tana kuka, yaro yana kuka. Ga randa cike da ruwa mai sanyi a gindin bedi, taku uku daga wurin, amma ba wanda ya tuna da ita.

Ya mai karatu, wane gida ne bai taɓa ganin irin wannan safiya ba? Idan ba kunu ba ne, to, rushi ne da aka zubar bayan ɗaki yaro ya taka, ko kuwa butar shayi. A shekarar 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun fitar da rahoto a kan raunin yara, inda suka nuna yara fiye da 2000 suke mutuwa kowace rana a duniya saboda haɗari irin na hanya, da ruwa, da wuta, da faɗuwa, da guba. Hukumar ta kuma ce yaran Afirka 'yan ƙasa da shekara 5 suna mutuwa da ƙuna fiye da ninki biyu na yadda abin yake a duniya baki ɗaya. Bari mu duba dalilin da ya sa yaro yake haka, da abin da za mu yi kafin tsautsayi, da abin da za mu yi a cikin mintocin farko bayansa.

Ƙiriniya ba mugunta ba ce

Tun daga ranar da yaro ya fara rarrafe har ya kai shekara 3, aikinsa ɗaya ne, watau ya san duniya. Ba shi da littafi, ba shi da malami. Hannunsa da bakinsa su ne makarantarsa. Ya taɓa, ya ja, ya jefar, ya sa a baki. Sa'ad da ya zubar da gero daga ƙwarya yana dariya, ba ɓarna yake nufi ba. Yana kallon yadda hatsi yake zuba ne. Sa'ad da ya bi ɗan akuya har cikin garke, so yake ya san ko wannan abu mai tsalle yana kamuwa.

Uwar da take da irin wannan yaro takan gaji ƙwarai, gaskiya ne. Amma ta yi godiya. Yaron da ya kamata ya tayar mana da hankali shi ne wanda yake zaune shiru inda aka ajiye shi, ba ya neman kome, ba ya sha'awar kome. Sau da yawa wannan alamar rashin abinci mai gina jiki ce, ko ƙarancin jini, ko wani ciwo. Mutane sukan yaba masa, su ce yaro mai hankali ne, alhali kuwa gidan likita ya kamata a kai shi.

Akwai abu biyu da yaro mai shekara 2 bai samu ba tukuna. Na fari, ba ya iya hango abin da zai biyo baya. Ya ga tururi yana tashi, ya ba shi sha'awa, shi ke nan. Na biyu, ko ya ji "bari" ya kuma gane, ba shi da ƙarfin hana kansa. Za ka ga yaro yana miƙa hannu wajen wuta, yana faɗi da bakinsa, "Zafi, zafi," amma hannun bai tsaya ba. Ba raini ba ne. Wurin da yake riƙe mutum a cikin ƙwaƙwalwa bai nuna ba tukuna, sai a hankali cikin shekaru masu zuwa.

Wani zai ce, "Ai horo wajibi ne, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi." Haka ne, ba mu ce a bar yaro ba kwaɓa ba. Amma ku lura da abin da duka yake koya wa ɗan shekara 2. Yana koya masa kada ya taɓa tukunya idan uwa tana kallo. Ranar da ta juya baya fa? Ran nan ne kunu yake zubewa. Horon da ya dace da wannan shekara gajere ne: ki ce "A'a, wuta!" da murya mai ƙarfi, ki ɗauke shi daga wurin, ki ba shi wani abu a hannu. Gobe ki sāke, jibi ki sāke. Sai kin faɗa sau ɗari kafin ya zauna masa. Kafin nan kuwa, ke da maigida ku ne hankalinsa.

Muna da karin magana cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. To, amma fatar ƙaramin yaro ba ta kai ta babba kauri ba. Zafin da zai sa babba ya yarfa hannu ya ci gaba da aikinsa, zai iya cin fatar yaro har ƙasa. Darasin da yake barin yatsu a manne har tsufa ya yi tsada da yawa.

A kau da abin, tun da ba a iya kau da yaron

Tun da ba za mu iya sāke halin yaro yau ba, sai mu sāke gidan. Wannan aikin maigida ne fiye da na uwargida, gama shi ne mai kwaɓa ƙasa da kafa itace.

Murhunmu na duwatsu uku yana ƙasa, daidai tsawon yaro. Maigida yana iya gina 'yar katanga ta laka kewaye da madafa, wadda ta kai ƙugun babba, ya sa mata ƙyaure. Aikin yini biyu ne a lokacin rani. Murhun laka wanda yake rufe wuta ta kowane gefe ya fi na duwatsu uku, tukunya takan zauna daram a kansa, ga shi kuma yana rage cin itace. Abin da aka sauke daga wuta kada a ajiye shi a hanyar yaro. Kunu da koko da miya sun fi ruwan zafi ɓarna, domin suna manne wa fata su ci gaba da ƙona ta. Rushi kuma a yayyafa masa ruwa kafin a zubar, gama toka takan yi fari a sama, a ƙasa kuwa garwashi yana nan da rai. Ku samari masu dafa shayi a ƙofar gida, ku ma da ku ake. Haka nan mai babur: idan ka dawo ka kafa shi a tsakar gida, salansa tana nan da zafi, daidai inda ɗan yaro zai dafa.

Sa'an nan a ba yaro abin da zai yi. Tsohuwar ƙwarya da ludayi, da gwangwani marar kaifi, da tulin yashi mai tsabta a inuwa inda uwa take ganinsa. Yaron da aka hana shi kome zai nemi kome.

Idan ya ƙone

Ga abin da ya kamata a yi a gidan nan da muka fara da shi. A ɗauke yaron daga wurin, a kai shi bakin randa, a yi ta zuba ruwa mai sanyi a kan ƙunar, a hankali, ba tsayawa, har minti 20. Ku duba agogon waya, gama cikin tashin hankali minti 3 yakan yi kamar 20. Idan ruwa kaɗan ne, a tsoma hannun cikin kwano mai tsabta, a riƙa sāke ruwan idan ya yi ɗumi. Dalili shi ne, ko bayan an share kunun, zafi yana nan cikin nama yana ci gaba da shiga, kamar yadda tukunya take ci gaba da tafasa bayan an sauke ta. Ruwa yana janye zafin, yana rage zurfin ƙunar, yana kuma rage raɗaɗi. Ko an makara, yana da amfani har cikin awa 3 na farko.

Ana cikin zuba ruwa, a tuɓe masa rigar da ta jiƙe da kunu. Idan ta manne da fata, kada a ja, a yanke kewaye da wurin. A cire awarwaro da zobe da duk wani zare da yake ɗaure a hannun tun kafin ya kumbura. Kada a sa ƙanƙara. Sauran jikinsa kuma a rufe shi da zane, gama ƙaramin yaro yana saurin ɗaukar sanyi, balle a lokacin ɗari. Idan ya fara rawar jiki, a dakata.

Ƙwai fa, da man goge baki, da tawada, da gishiri, da kanwa, da baƙin mai, da kashin shanu? Ko ɗaya kada a sa. Waɗansu suna riƙe zafi a ciki, waɗansu suna kai ƙwayoyin cuta cikin raunin, kashin shanu kuwa yana iya kawo ciwon sarƙewar haƙora. Bayan haka likita sai ya kankare su duka kafin ya ga ƙunar, yaro ya sha wuya sau biyu. Uwa, idan surukarki ce ta kawo shawarar, ba sai kin yi mata gardama ba. Ki ce, "To, Inna, bari in fara sanyaya masa tukuna." Hannunki kuwa kada ya bar moɗa. Mai yin addu'a ya yi, amma ruwa yana zuba.

Idan fatar ta kumbura ta tara ruwa, kada a huda, gama wannan rufi ne da jiki ya yi wa kansa. A lulluɓe wurin sako-sako da ƙyalle mai tsabta wanda aka wanke da sabuni ya bushe a rana. Ban da auduga, domin tana mannewa. A ci gaba da ba shi nono da ruwa, gama ƙuna tana zuƙe ruwan jiki.

Yaushe za a tafi gidan likita? Ku auna da tafin hannun yaron, ba naku ba. Tafinsa tare da yatsu wajen kashi 1 ne cikin 100 na fatar jikinsa. Idan ƙunar ta fi wannan girma, a tafi. Idan a fuska take, ko hannu, ko ƙafa, ko al'aura, ko a kan gaɓa kamar gwiwa da wuya, a tafi ko ƙarama ce. Idan wurin ya yi fari ko baƙi, yaron kuma ba ya jin zafi in an taɓa, kada ku ce da sauƙi. Wannan ce mafi muni, wuta ta cinye har jijiyoyin da suke jin zafi. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta yanke cewa a riƙa duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Wani lokaci magani yakan yanke, a ce ka saya a waje. Duk da haka kuɗin yini na fari bai kai na ƙunar da ta ruɓe mako guda a gida ba.

Idan kuwa rigar yaro ce ta kama wuta, kada a bar shi ya ruga. A kwantar da shi ƙasa, a mirgina shi, a danne wutar da bargo ko a kwara masa ruwa.

Abin da yake cikin kwalba

Bayan wuta, sai kwalba. Muna zuba kananzir da fetur a kwalbar lemo ko gorar ruwa, mu ajiye ƙarƙashin gado. Yaro ya saba ganin ana sha daga irin wannan gora, ga ƙishirwar bazara. Me zai hana shi?

Idan ya sha kananzir ko fetur, abin da mutane suka fi yi shi ne su sa masa yatsa a maƙogwaro, ko su ɗura masa manja ko madara domin ya yi amai. Wannan ne yake kashewa. Kananzir a ciki bai kai kananzir a huhu haɗari ba, amai kuwa shi ne yake tura shi cikin huhu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa kome. A tuɓe rigar da ta jiƙe, a wanke masa jiki, a riƙe shi a zaune, a kai shi gidan likita ko da ya ga kamar lafiya lau, gama tari da haki da zazzaɓi suna iya zuwa bayan awoyi.

Haka yake da sodar da mata suke yin sabuni da ita. Idan an narkar da ita kamar ruwa take, ba launi. Kurɓi ɗaya yana ƙona hanyar abinci, daga baya ta tsuke har yaro ya kasa haɗiye tuwo. Ita ma ba a sa amai. Maganin ƙwari na gona da irin shuka da aka shafa wa magani, wurinsu sama ne, a ɗakin da ake kullewa. Idan yaro ya ci, ka ga yawu yana dalala, gumi yana keto masa, ɗauki yaron ka ɗauki kwalbar ko takardar maganin tare, domin likita ya san abin da zai yaƙa. Akwai kuma ƙananan batura masu kama da maɓalli, na agogo da kayan wasa da ƙananan fitilu. Idan ɗaya ya maƙale a maƙogwaron yaro, yana iya ƙona shi cikin awa 2. Wannan ba abin jira sai gobe ba ne.

Ruwa, da gyaɗa, da sauransu

Kan ƙaramin yaro yana da nauyi ƙwarai idan aka gwada da girman jikinsa. Idan ya leƙa cikin bokiti ko baho, kai yakan rinjaye shi, ba ya kuwa iya fitowa. Ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa. Ba ya ihu, ba ya fantsama, shiru abin yake faruwa. A dukan shekarun mutum, 'yan shekara 1 zuwa 4 ne ruwa ya fi ci. In an gama wanki a kifar da baho, randa a rufe ta, rijiyar lambu a yi mata baki da murfi. Da damina kuma, kududdufin da aka haƙa domin tubali yakan cika a dare ɗaya, wurin da yara suka yi wasa jiya. Yaron da aka tsamo ba ya numfashi, iska yake bukata a hura masa baki da baki, a kuma danna ƙirji. Rataye shi kai ƙasa ɓata lokaci ne. Ku roƙi ma'aikacin lafiya ya zo taron zumuntar mata ya nuna wannan da hannu, gama ba a koyonsa sosai daga takarda.

Gyaɗa guda-guda, da aya, da ƙwallon dabino, ba na ƙaramin yaro ba ne. A daka masa gyaɗar. Idan abu ya shaƙe shi yana tari da ƙarfi, a bar shi ya yi tarin. Idan ba ya iya tari ko kuka, a kifa shi a cinya, kansa ƙasa, a buga tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu har sau 5. Kada a lalubi abin da ido bai gani ba, yatsa yakan ƙara tura shi ciki. Wake a hanci ko kunne kuma, kada a tsokale shi da tsinke, kada a zuba ruwa, domin yana kumbura.

Faɗuwa kuwa, kowane yaro sai ya sha ta, yawanci ƙulu ne da kuka, sai a sa ƙyalle mai sanyi a rarrashe shi. Amma idan ya buga kai ya suma, ko yana ta amai, ko yana barcin da ba a iya tashe shi, ko ya yi jijjiga, ko jini ko ruwa yana fita ta kunne, a tafi da shi nan take. Idan an kai karaya wurin maɗori aka ɗaure, ku duba yatsun kullum. In sun kumbura, sun yi sanyi, sun fara duhu, ɗaurin ya hana jini gudu. A kwance a nufi asibiti, gama yara da dama sun rasa hannu ta haka.

Yanka da ƙujewa, sabuni da ruwa mai tsabta, a danne da ƙyalle har jini ya tsaya. Allurar rigakafin da ake yi wa jariri yana mako 6, da 10, da 14, tana tsare shi daga sarƙewar haƙora, saboda haka ku nemo katinsa ku duba ko ta cika. Cizon kare a wanke shi da sabuni minti 15, sa'an nan a je neman allura ran nan, domin ciwon haukan kare in ya bayyana ba ya warkewa. Harbin kunama ma ya fi tsanani ga ƙaramin yaro. A kakkaɓe tabarma da takalma, in kuma ta harbe shi ya fara gumi da amai, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

Bayan an dawo gida

Akwai rauni na biyu da yakan shiga gida tare da na farko. Uwa ba ta barci, tana ta maimaita abin a zuciyarta. Maigida, tambayar nan taka ta "Ina kika tafi?" ta riga ta yi wa kanta sau dubu. Ita ce mai daka, mai ɗebo ruwa, mai neman itace, mai dafuwa, ga goyo. Ido biyu ne gare ta kamar kowa. Waɗansu kuma sukan rufe zancen da cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wannan magana tana iya sanyaya zuciya a ranar, amma idan ta sa aka bar tukunya inda take, ƙanen yaron yana tafe yana rarrafe.

Ku tuna da yayar yaron kuma. Sau da yawa 'yar shekara 6 ko 7 ake bar wa reno, idan abu ya faru ita ce take shan duka. Ita ma yarinya ce, wasa yana ɗauke mata hankali, ba ta iya ɗaga shi daga rijiya. Ta taya reno, amma kusa da wuta da ruwa sai babba yana wurin. Idan abin ya faru a hannunta, a kira ta a gaya mata a fili cewa ba a riƙe ta da laifi ba. Yara sukan ɗauki irin wannan nauyi shekaru ba su faɗa wa kowa ba.

Mai ƙunar kuwa yana bukatar abinci fiye da dā, gama jiki yana gina sabuwar fata: nono, da wake, da ƙuli-ƙuli dakakke cikin kunu, da ganyen zogale, da ƙwai. I, ƙwan nan da Kaka ta so a fasa a kan raunin, a dafa shi a ba yaron ya ci. Zancen cewa ƙwai yana sa yaro sata ba shi da tushe. A riƙa komawa wankin ciwo a ranakun da aka faɗa, ko yaro yana kuka. Idan ƙunar a yatsu take ko a gaɓa, likita zai nuna yadda za a raba yatsun da yadda za a riƙa miƙe gaɓar kowace rana, domin fata mai warkewa tana tsukewa. Idan wurin ya fara wari, ko ruwa, ko zazzaɓi ya zo, kada a jira ranar.

Aikin wannan mako

Maigida da uwargida, ku zaɓi wata yamma. Ku durƙusa ƙasa a ƙofar ɗaki har idonku ya zo daidai da na yaronku, ku duba tsakar gida daga nan. Kaka za ta yi muku dariya, ba kome. Ku bi gidan kusurwa kusurwa: madafa, da ƙarƙashin gado, da bayan rumbu, da makewayi, da wurin da ake zubar da toka. Duk abin da kuka gani wanda hannunsa zai kai, ku tambayi juna ko na ɗagawa sama ne, ko na rufewa, ko na kewayewa. Ran Lahadi mai zuwa kowane gida ya faɗa wa 'yan'uwa abu ɗaya da ya samu, da inda ya mai da shi.